Tarihin Farautar Baƙin Abu: Shekara 90 Ana Bin Sawu

Wanda ya taɓa kwana a fili a Roni da rani ya san yadda taurari ke cika sama maƙil. To, masana sun ce duk abin nan da ido ke gani ɗan kaɗan ne, domin akwai wani abu ɓoyayye da ya ninka shi nauyi kusan sau 5. Ba ya haske, ba ya tare haske. Shi ake kira baƙin abu.

Labarin ya faro a 1933, lokacin da Fritz Zwicky, ɗan ƙasar Suwizalan mai aiki a Amurka, ya lura garkunan taurari na rukunin Coma suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, amma ba su tarwatse ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai wani nauyi da ke riƙe da su. Aka yi biris da shi. Sai a shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna taurarin da ke bakin garke suna zagayawa da saurin na ciki, abin da ba zai yiwu ba sai da ɓoyayyen nauyi.

Ganin sawu daban, kama naman daban. A 1985 Mark Goodman da Edward Witten suka kawo dabara: in ƙwayar baƙin abu ta bugi cibiyar ƙwayar zarra, na'ura za ta iya jin bugun. Sai masana suka shige ƙarƙashin ƙasa don gudun hasken da ke zubowa daga sararin samaniya yana ruɗa awo. A 1998 masu gwajin DAMA a Gran Sasso ta Italiya suka ce sun ga alama, amma gwajin ANAIS a Sifen da na COSINE a Koriya ta Kudu ba su gaskata su ba.

Aka koma ga ruwan zinon, wanda kan yi ƙyalli in an buge shi. Gwajin LZ, a tsohon ramin zinariya na Homestake a Amurka, mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, ya ɗauki tan 10. Sakamakonsa na 2022 da na 2024 duk babu labari. Wasu kuma, kamar masu ADMX, suna kasa kunne da maganaɗisu mai ƙarfi, ko wata ƙwaya marar nauyi za ta rikiɗe ta zama haske. A 2018 ma aka ba da shawarar tono tsofaffin duwatsu daga can ƙasa a duba ko baƙin abu ya bar musu tabo.

Mai karatu kada ya ce an yi asara. Kowane gwaji ya toshe wani rami da naman zai iya ɓuya, kuma yawancin masu gwaje-gwajen sun fito sun faɗi gaskiya cewa ba su kama ba. Mu marubuta da littafinmu na fari ya ƙi karɓuwa, ga abin koyi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Allah Ya sa mu dace.