Wuta da Iska: Wa Ke Juya Wani?

Tun da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020 ake muhawara kan tashoshin lantarkin da zai ciyar. Maganar kuɗi da jinkiri ta cika bakin kowa. Ba a cika waiwayar cikin injin tashoshin ba, inda ake murɗa iska ta yi guguwa kafin ta gamu da gas, don kada wuta ta mutu.

Sarrafa wuta da iska daɗaɗɗen aiki ne a ƙasar nan. A labarin da ake ba baƙi a bakin rijiyar Kusugu da ke Daura, maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya sare kan macijiya. An narka tama a Taruga tun kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya kuma a Dala.

Lissafin ya zo a makare. A 1883 Osborne Reynolds ya zuba rini cikin bututun gilashi a Ingila, ya nuna inda ruwa mai tafiya a natse ke hargitsewa. A 1940 Gerhard Damköhler na Jamus ya bayyana yadda hargitsin iska ke yamutsa harshen wuta, ta ƙara ci. Daga nan masana suka ɗauki iska a matsayin mai umarni, wuta mai bi. Sai a 1951 Béla Karlovitz da abokansa a Amurka suka ce wutar ma da kanta tana haifar da hargitsi. An daɗe ana jayayya da su.

Ni dai ina bayansu. Gas in ya ƙone yakan kumbura ninki shida ko bakwai, ya ture abin da ke gabansa. Iska mai zafi kuma ta fi danƙo, tana kashe ƙananan guguwa. A tsakiyar iskar da aka murɗa, zafi kan dawo baya ya kunna sabon gas, amma da zarar wuta ta kama, girman wannan wuri da siffarsa sukan sauya. Awon da aka yi babu wuta bai isa hujja ba. Dubi mai zuga a maƙera: gawayi na baƙi yana danna zuga-zugi da ƙarfi, yana yin ja ya sassauta hannu, kunnensa na kan rurin wutar.

Wannan darasi ya shafe mu a gida: Daura na da kwalejin fasaha ta tarayya. Ya kamata ɗalibanta su auna murhunan rage cin itace da ake raba wa mata, wuta na ci, tukunya a kai.