Girgam, Majami'a da Hanyar Ayari: Shin Yahudawa Sun Taɓa Kafa Al'umma a Daura?

Tarihin sarautar Daura, wanda ake kira Girgam, bai fara daga Daura ba. Ya fara ne daga ƙasar Kan'ana, da wani mutum mai suna Najib wanda ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa yamma. Ɗansa Abdul Dar ya zauna a Tarabulus, daga nan zuriyar ta keto Sahara ta sauka a Tsohon Birni, inda mata suka yi ta sarauta tun daga Kufuru har zuwa Magajiya Daurama. Sai kuma Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Barno da Garun Gabas da Gaya, ya iso Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Gabas biyu ke nan a labari ɗaya. E. J. Arnett ya buga fassarar wannan tarihi da Turanci a 1910, H. R. Palmer ya sake kawo shi a 1928, kuma tun lokacin masana ke muhawara kan abin da Kan'ana da Bagadaza ke nufi a bakin mutanen Daura.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus. A littafinsa na 2004 kan tsofaffin daulolin Afirka ta Yamma, da wata maƙala ta 2012, ya ce labarin Bayajida yana ɗauke da gadon Bani Isra'ila. A ganinsa Daurama tana matsayin Saratu, Bagwariya, ƙwarƙwarar Bayajida, tana matsayin Hajara, 'ya'yansa Bawo da Karɓagari kuma su ne Ishaƙa da Isma'ila. Ya ce waɗanda suka kawo labarin 'yan gudun hijira ne bayan rushewar daular Assuriya wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya kuma nemi hujja a cikin bikin Gani. Daga nan magana ta fita daga hannun masana ta shiga bakin jama'a, har ka ji ana cewa wai Yahudawa ne suka kafa Daura. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: al'ummar Yahudawa abu ce mai siffa sananniya, tana barin sawu duk inda ta zauna, kuma sawun da ya shafi ƙasar Hausa ba a bakin Kusugu yake ba, yana can kan hanyar ayari.

Kafin a yanke hukunci sai an san mece ce al'ummar. Yahudawa ba sa yin ibadar jam'i sai maza baligai goma sun hallara. Da zarar sun cika goma, sauran abubuwa na biyo baya: ɗakin ibada, naɗaɗɗen littafin Attaura da aka rubuta da hannu a kan fata, mahauci da ya san ƙa'idar yanka, mai yi wa jariri kaciya a rana ta takwas, malamin yara, wurin wankan tsarki, da maƙabarta tasu ta daban. An raba littattafai biyar na Attaura kashi 54, ana karanta su a jere kowace Asabar har a sauke a shekara, ana kuma karanta ɗan kaɗan Litinin da Alhamis. Ranar Asabar ba ciniki, ba hura wuta, ba tafiya mai nisa. Wannan ya sa dole gidajensu su kewaye majami'a, domin da ƙafa ake zuwa. Mutanen da ke rayuwa haka ba sa ɓoyuwa ga maƙwabta.

Babu inda aka ga cikin irin wannan al'umma fili kamar Fusɗaɗ, tsohon birnin Alƙahira. A majami'ar Ben Ezra akwai wani ɗaki da ake zuba tsofaffin takardu, domin ba a yar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah. Ɗaruruwan shekaru ana zubawa, har Solomon Schechter ya kwashe kimanin guntaye 193,000 ya kai Jami'ar Cambridge a 1897. S. D. Goitein ya ƙare rayuwarsa a kansu, ya fitar da mujalladi biyar daga 1967. Abin da ya fito ya wuce addu'o'i. Akwai takardun aure da na saki, da jerin sunayen matalautan da ake raba wa burodi Talata da Juma'a, da wasiƙun neman gudummawa don fansar waɗanda 'yan fashin teku suka kama, da takardun da yara suka koyi baƙaƙe a kansu. A gari ɗaya akwai majami'ar mutanen Sham da ta mutanen Iraƙi, kowace da tsarin karatunta: na Iraƙi suna sauke Attaura a shekara, na Sham sai wajen shekara uku.

Majami'a ita ce kuma gidan labarai. Wasiƙar da ta zo daga manyan makarantun Sura da Pumbedita na Iraƙi a nan ake karanta ta a bainar jama'a. A nan ake shelar hukuncin kotunsu, kuma wanda aka zalunta yana da ikon tsayar da ibada har a saurari kukansa. Ilimi da labari hanya ɗaya suke bi, wato jakar ɗan kasuwa. Al'ummar da ta rasa amsar wata mas'ala takan rubuta tambaya ta ba ayari, amsa ta dawo bayan watanni, a kwafe ta a kowane zango. A 987 Sherira, shugaban makarantar Pumbedita, ya amsa tambayar Yahudawan Ƙairawan da doguwar wasiƙa kan yadda aka tattara Mishna da Talmud, littattafan shari'arsu, kuma har yau da ita ake kafa hujja a tarihin malamansu. Yawancin wannan rubutu Larabci ne da haruffan Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Da wannan salon Sa'id al-Fayyumi, wanda ya rasu a 942, ya yi wa jama'arsa fassarar Attaura, da shi kuma Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin.

Wannan sarƙa ta miƙo har bakin Sahara. Sijilmasa, tashar zinariya ta kudancin Maroko, a wancan zamani tana da Yahudawa masu aika tambayoyi Iraƙi. Gaba da ita akwai Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, inda garin Tamanɗiɗ yake. Wani ɗan kasuwar Genoa, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana bayyana cewa Yahudawa na da yawa a garin, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin unguwanni, kuma ciniki da dama ta hannunsu yake bi. Tuwat kuwa mahaɗa ce ta ayarin da ke zuwa Timbuktu da Gawo da Ahir, daga nan zuwa Katsina da Kano.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye, ta hannun malamin da kowane ɗalibin tarihin Kano ya san sunansa: Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili na Tilimsan. Da ya zauna a Tamanɗiɗ, ya ga Yahudawan garin sun yi ƙarfi, suna cuɗanya da masu mulki, sai ya yanke cewa sun warware alƙawarin zimma, kuma majami'arsu ba ta da hurumin tsayuwa. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika tambaya Tilimsan da Fas da Tunis. Ibn Zakri, muftin Tilimsan, yana cikin waɗanda suka hana rushewa; al-Tanasi ya goyi bayan al-Maghili, al-Sanusi ya yaba wa amsar al-Tanasi. Al-Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi a cikin al-Mi'iyar al-Mu'urib. Wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifaniya, mabiyan al-Maghili suka rushe majami'ar, aka kashe wasu, sauran suka watse. John Hunwick ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa na 2006.

Al-Maghili ya bi ta Takadda ya shigo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafin shawarwari kan wajiban sarakuna, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iso cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su, sai Alƙali Mahmud ɗan Umar na Timbuktu ya ce ba a kama wanda bai yi laifi ba, aka sake su. Leo Africanus, wanda ya zo yankin ba da daɗewa ba, ya ba da labarin cewa an hana Yahudawa shiga Timbuktu.

Ina ganin bai kamata mu riƙa tsallake wannan babi ba idan muna karantar da tarihin al-Maghili. Girman aikinsa a Kano tabbatacce ne, zuriyarsa na nan a unguwar Sharifai. Amma adalci ga tarihi shi ne a faɗa wa ɗalibi cewa malaman Malikiyya na zamaninsa sun saɓa da shi, kuma waɗanda suka tsaya kan kare amanar Yahudawan Tamanɗiɗ da hujjar fiƙihu suka tsaya, ba da son rai ba. Ni dai na fi natsuwa da matsayin al-Asnuni, domin alƙalin da ke zaune cikin mutane ya fi sanin abin da zai biyo bayan fatawa, kuma abin da ya biyo baya jini ne.

Bayan shekaru kusan 370 aka ga wata al'ummar Yahudawa a bakin Kogin Kwara. Malam Mordekai Abi Serur, mutumin Akka ta kudancin Maroko, ya isa Timbuktu wajen 1860, ya samu izinin zama, ya jawo 'yan'uwansa har suka kai adadin yin ibadar jam'i. Ba su daɗe ba suka watse. Duk da ƙanƙantarsu da gajeren zamansu, sun bar takardun ciniki da na shari'a, waɗanda Isma'il Diadié Haïdara ya yi nazarinsu a littafinsa na 1999. Wannan shi ne ma'aunin: mutum goma sha wani abu, shekaru kaɗan, amma sawunsu bai goge ba.

To, a ɗora Daura a kan wannan ma'auni. M. G. Smith ya zayyana sarautu da unguwanni da bukukuwan masarautar dalla-dalla a littafinsa na 1978, babu majami'a, babu maƙabartar Yahudawa, babu rubutun Ibrananci. Ranar da ke da nauyi a labarin Kusugu Juma'a ce, ranar da macijiya ke barin a ɗebi ruwa, ba Asabar ba. Kaciyar gargajiya a ƙasar Hausa sai yaro ya tasa wanzami ke yin ta, da sanyin hunturu, ba a rana ta takwas ba. Naman raƙumi, wanda Attaura ta haramta, halal ne a kasuwannin Daura da Mai'aduwa. Bikin Gani kuwa a watan Rabi'ul Awwal ake yin sa, watan Mauludi.

Lange zai iya cewa mutanen da yake nufi sun rigayi majami'a da Talmud, don haka ba za a nemi waɗannan alamomi a wurinsu ba. Wannan amsa ce mai ma'ana, sai dai tana da tsada. Idan an karɓe ta, an bar maganar al'ummar Yahudawa ke nan, an koma da'awar cewa labari ya yi shekara fiye da 2,000 yana yawo a baka ba tare da ko guntun rubutu ya raka shi ba. Alhali ga hanya mafi kusa. Ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da Saratu da Hajara tana cikin tafsiri da littattafan ƙissoshin annabawa da malamanmu ke karantawa tun shigowar Musulunci. Danganta mutanen Afirka da Kan'ana ɗan Ham tsohuwar al'ada ce ta masu rubuta nasaba da Larabci, har Ibn Khaldun ya tattauna ta game da Barbar. Ban da haka, Bakan'ane ba Ba'isra'ile ba ne. A cikin Attaura kanta jama'a biyu ne masu gaba da juna. Shi ma Bayajida na Bagadaza yana da wani bayani: W. K. R. Hallam a 1966 ya bi ra'ayin da ke haɗa Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye aka kashe shi a 947. Abdullahi Smith kuma tun 1970 ya gargaɗe mu da ɗabi'ar neman baƙo daga nesa a duk lokacin da aka ga tsarin mulki a ƙasar Hausa.

Akwai masu kawo tauraro mai kusurwa shida a matsayin hujja, wanda dattawa suka sani a jikin kwabo mai huji da tutar Nijeriya ta zamanin Turawa. Wannan hatimin Annabi Sulaiman (AS) ne, sananne a zane-zanen Musulmi daga Maroko zuwa Turkiyya tun kafin ya zama tambarin Yahudawa na musamman.

Al'ummar Yahudawa mai rai a Nijeriya ta yau tana kudu da mu, a Abuja da ƙasar Ibo, inda majami'u irin su Gihon suke koyar da Ibrananci da karatun Asabar, da yawa daga mabiyansu kuma ta intanet suka fara koyo. Wanda ya rubuta littafi a kansu a 2013, William Miles, Bayahuden Amurka ne da ya san ƙasar Daura sosai: a ƙauyen Yardaji na wannan masarauta da Yekuwa ta Nijar ya yi binciken littafinsa na 1994 kan yadda iyaka ta raba Hausawa. Da ya tashi neman majami'a a Nijeriya, Abuja ya nufa.

Saboda haka hukuncina shi ne, Girgam labarin sarauta ne da halaccinta, ba tarihin wata al'ummar Yahudawa ba, kuma darajar Daura a matsayin uwar Hausa Bakwai ba ta jiran a samo mata kaka a Falasɗinu. Aikin da ke gabanmu yana wani wuri. Ina kira ga sassan tarihi da na Larabci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa na Kaduna, su fassara fatawoyin Tuwat da ke cikin al-Mi'iyar zuwa Hausa, ɓangarorin biyu gaba ɗaya, su kuma bi wasiƙun fataken Gadamus da Tuwat da ke ajiye a gidajen Kano da Katsina, a karanta su kafin gara ta riga mu.