Madison Square Garden: Zauren Da Aka Rushe Sau Uku

Mai karatu, in ka kalli Godzilla na 1998, ka tuna katafaren zauren nan da dodon ya cika da ƙwayayensa, har jiragen yaƙi suka zo suka ragargaza shi? To shi ne Madison Square Garden na birnin New York a Amurka. Gini na huɗu ke nan da ya amsa wannan suna.

Na farko an buɗe shi a 1879, ko rufi babu. Na biyu, na 1890, shi ne mai labari. Stanford White ne ya zana shi, kuma a saman benen ginin aka harbe shi a 1906, ana tsakiyar wasa, jama'a na kallo. Wanda ya harbe shi wani ɗan masu kuɗi ne, Harry Thaw, saboda kishin matarsa Evelyn Nesbit. Da wani marubucinmu ne ya ƙago wannan, da mun ce ya cika gishiri. Hollywood kuwa ba ta bari ya wuce ta ba, ta yi fim ɗinsa a 1955 da Joan Collins.

Na uku, mai shirya dambe Tex Rickard ya gina shi a 1925. A nan Marilyn Monroe ta yi wa Shugaba Kennedy waƙar zagayowar ranar haihuwa a 1962. A nan kuma ɗan Nijeriya Dick Tiger ya ƙwace kambun duniya daga José Torres a 1966.

Na huɗun an buɗe shi a 1968, bayan an rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn, ɗaya daga cikin gine-gine mafi kyau a birnin, aka tura matafiya ƙarƙashin ƙasa. Ni dai a ganina an yi ɓarna. Amma fa zauren ya ga abin kallo! Ranar 8 ga Maris 1971 Joe Frazier ya doke Muhammad Ali, kowannensu ya tashi da dala miliyan 2.5. Frank Sinatra na gefe yana ɗaukar wa mujallar Life hoto, Burt Lancaster na sharhi. A 2022 Burna Boy ya cika shi maƙil.

Rigimar tashar kuwa ba ta mutu ba. A 2023 majalisar birnin ta sabunta lasisin zauren na shekara 5 kacal, don masu son a gyara tashar sun matsa lamba a tashe shi daga wurin.