Yadda Aka Fara Duba Dutse Da Madubi

Kowa ya san madubin nan da likita ke duba jini da shi, wanda ke mai da ƙanƙanen abu babba. Amma shi madubin ba ya aiki sai haske ya ratsa abin da ake dubawa. To, ƙaƙa haske zai ratsa dutse? Wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana damun masana.

Wani malami a birnin Edinbara ta ƙasar Sikotland, sunansa William Nicol, shi ya buɗe ƙofa. Ya ɗauki icen da ya daɗe cikin ƙasa har ya zama dutse, ya manna shi jikin gilashi da ƙaron wani itace na ƙasar Kanada, ya yi ta wasa shi har haske ya ratsa. A cikin 1828 kuma ya ƙago wata dabara ta tace haske, wadda ke sa ma'adinai su nuna launi dabam-dabam.

Bayansa sai Henry Sorby, mutumin Sheffield ta Ingila, wanda aka haifa a 1826. A cikin 1849 ya fara wasa duwatsu haka da hannunsa. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai ga mai duba tsauni da madubi. Bai kula su ba. A 1858 ya fitar da bayani cewa a cikin ƙwayoyin dutse akwai 'yan ramuka masu ruwa, waɗanda ke nuna halin da dutsen ya samu. Ya rasu a 1908, bayan masana na ƙasashe da yawa sun bi hanyarsa.

Duwatsun kogo su ma ta wannan hanya ake bincikensu. Ruwan da ke ɗiga daga rufin kogo yana ɗauke da farar ƙasa. Kowane ɗigo yakan bar 'yar kaɗan, har a kwana a tashi ta taru ta zama kamar turke, hawa bisa hawa.

In an kawo guntunsa ɗakin bincike, da farko sai a rubuta sunan kogon, da wurin da aka ciro shi, da gefen da ke sama. In mai rugurgujewa ne, sai a jiƙa shi da ƙaro ya daskare. Sa'an nan a yanka, a wasa fuska ɗaya da gari mai kaushi, a manna ta jikin gilashi, a juya a wasa ɗayar har kaurinsa ya zama kamar kashi 1 cikin 33 na milimita, wato bai kai silin gashi ba. In mai narkewa ne, irin gishiri, da mai ake wasa shi, don ruwa zai cinye shi. Da hannu ya zarce kaɗan, aikin yini guda ya lalace.

A ƙarƙashin madubi sai hawa-hawan nan su bayyana, a gane zamanin da ruwa ya yawaita da zamanin fari, tun kafin a fara rubuta tarihi.

Saboda haka wanda ya shiga kogo kada ya karya turken nan don wasa. Wani ya yi shekara dubbai yana girma, kuma in ya karye ba mai iya mai da shi.