Daga Basra zuwa Degel: Tarihin Gardamar Ƙaddara da Zaɓin Ɗan Adam

Idan gwamna ya sa aka sare kan mutum bisa zalunci, sannan ranar Juma'a ya hau mumbari ya ce haka Allah Ya ƙaddara, wa za a kama da laifin? Wannan ce tambayar da ta addabi mutanen Basra a ƙarshen ƙarni na 7. Mulki yana hannun Banu Umayya a Dimashƙa, kuma fadawansu da mawaƙansu ba sa gajiya da tuna wa talaka cewa Allah ne Ya ba su sarauta. Ma'abadul Juhani na cikin na farkon da suka ce atafau, mutum shi ke da aikinsa, azzalumi kuma da ƙafarsa ya taka zuwa ga zalunci. An kashe shi wajen shekara ta 700, zamanin Hajjaju bin Yusuf. Gailan na Dimashƙa ya ɗauki maganar, shi ma aka kashe shi a mulkin Hisham bin Abdulmalik. Abokan gabansu suka laƙaba musu suna Ƙadariyya.

Can Khurasan kuwa Jahmu bin Safwan ya kama ɗaya gefen. A wurinsa mutum ba shi da wani iko na kansa, cewa wane ya aikata abu daidai yake da cewa rana ta fito ko ruwa ya gangara. Abin mamaki, wannan mai cewa kowa tilasta shi aka yi, a cikin tawaye ga Banu Umayya ya rasa ransa a shekarar 746. Ashe tun farko aƙidar mutum a kan ƙaddara ba ta cika nuna ko zai zauna ne ko zai ɗau makami ba.

Gardamar ta zama makaranta a hannun Wasilu bin Aɗa'u, wanda aka ce ya bar halƙar Hasanul Basri kan hukuncin Musulmin da ya aikata babban zunubi. Mabiyansa, Mu'utazila, suka ɗora komai a kan adalcin Allah. Suka ce Mai adalci ba zai halicci saɓo a jikin bawa sannan Ya ƙona shi a kansa ba, saboda haka bawa ne ke samar da ayyukansa. Ba su tsaya nan ba, suka ce kyau da muni suna cikin aikin kansa, hankali kuma yana iya gano su: mutumin da bai taɓa jin labarin wani annabi ba ya san butulci mummuna ne, ya san tsamo wanda ruwa zai ci abu ne mai kyau. A daidai lokacin ana ta fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, sai mantiƙin Aristo ya zame wa masu jayayya sabon makami.

Sai Mu'utazila suka samu fada, fadar kuma ta ɓata musu suna. A shekarar 833 Halifa Ma'amun ya fara tuhumar malamai kan batun halittar Alƙur'ani, ra'ayin da Mu'utazila ke riƙe da shi. Aka ɗaure Imam Ahmad bin Hambal, aka yi masa bulala zamanin Mu'utasim. Mutanen da ke wa'azin zaɓin ɗan Adam sai ga su a gefen mai riƙe da bulala. Mutawakkil ya kawo ƙarshen abin wajen shekara ta 850, amma jama'a ba su manta ba.

Wanda ya karya lagon Mu'utazila ɗan gida ne. Abul Hasan al-Ash'ari, haifaffen Basra, ya tashi a gaban babban malamin Mu'utazila, al-Jubba'i, har ya kai wajen shekara arba'in. Ana ba da labarin cewa wata rana ya tambayi malamin game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya fasiƙi, na ukun ya rasu yana yaro. Malam ya ce na farko yana da manyan darajoji, na biyu yana wuta, yaron kuwa ya tsira amma bai kai matsayin yayansa ba. Almajiri ya ce to idan yaron ya yi kuka cewa ba a bar shi ya girma ya yi aikin lada ba fa? Malam ya ce za a gaya masa an san da ya girma da ya lalace, ɗauke shi da wuri shi ne gatan da aka yi masa. Almajiri ya ce ashe kuwa na wuta zai ɗaga murya ya tambayi dalilin da bai samu irin wannan gata ba. Jubba'i ya rasa ta cewa. Abin da labarin ke son rusawa shi ne da'awar Mu'utazila cewa wajibi ne Allah Ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa maslaha.

Ash'ari, wanda ya rasu wajen 936, ya ce Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato aikin yana faruwa tare da wani iko da aka halitta masa a lokacin, a kan haka ake yi masa hisabi. Kyau da muni kuwa, ta fuskar lada da zunubi, shari'a ce ke fayyace su. A ganina nan ne ɗinkin ya fi rauni: ikon da ba ya haifar da komai, da me ya bambanta da rashin iko? Su kansu Larabawa sun riƙa buga misali da kasabin Ash'ari idan abu ya yi wuyar kamawa. Amma magadansa sun gina masa duniya sukutum. Baƙillani ya bayyana halitta a matsayin ƙananan ƙwayoyi (jauhari) da sifofi (aradi) da ba sa ɗorewa sai an sabunta su a kowane lokaci. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin ƙuna a lokacin da suka haɗu, bai taɓa ganin cewa wutar ce ta yi ba. Al'ada ce Allah Ya gudanar, in Ya so Ya yanke ta. Ibn Rushdi ya mayar da martani daga Andalus cewa idan aka cire sababi ilimi bai da wurin tsayawa, sai dai makarantu ba su bi shi ba.

Ash'ariyya ta kafu a Magrib, musamman bayan Ibn Tumart da daular Muwahhidun. A Tilimsan, Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya dunƙule ta cikin 'yan shafuka, Ummul Barahin: wajibi, mustahili, ja'izi, da sifofi ashirin, kowacce da hujjarta ta hankali. Littafin ya bi ayari ya ƙetaro Sahara. Fulani suka yi masa sharhin baka da Fulatanci, wanda ake kira Kabbe, a ƙarshen ƙarni na 17 kuma Muhammad al-Wali na Bagirmi ya mayar da sharhin Larabci.

Sanusi ya tsananta a kan cewa imanin kwaikwayo, wanda babu hujja a bayansa, yana cikin haɗari. Wasu ɗalibai suka ɗauki wannan da zafi. A Sijilmasa, malami al-Yusi ya tarar da masu titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa a ce kafiri ne, ba a cin yankansa. Irin wannan ta ɓulla a ƙasar Hausa, kuma Shehu Usman Ɗanfodiyo, tun yana Degel, ya yi ta rubutu yana ƙaryata su. Hujjarsa a fili take: Manzon Allah (SAW) ya karɓi shahadar makiyayan ƙauye bai tambaye su jauhari da aradi ba. Shehu bai fita daga Ash'ariyya ba, ya dai hana a mayar da ita sandar dukan manomi da mai tallar nono.

Abin da ya iso zaurukanmu amsoshi ne, masu tambayar kuwa an baro su a hanya. Ɗalibin da ke biya Ummul Barahin a Kano ko Damagaram yana jin sunan Mu'utazila ne kawai a sharhi, daidai inda ake shirin kayar da su. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. Littattafansu sun ɓace daga mafi yawan ƙasashen Sunna, malaman Zaidiyya na Yaman ne suka adana su. Sai a farkon shekarun 1950 wata tawagar masana daga Masar ta gano al-Mugni na malamin Mu'utazila Alƙali Abduljabbar, wanda ya rasu a 1025, a can Yaman. Juzu'i ashirin ne asalinsa, ba duka aka samu ba, aka buga waɗanda suka tsira a Alƙahira.