Tarihin Allon Yanka: Daga Gangar Kabeji Zuwa Kicin Ɗinmu

Wannan makon kicin za mu leƙa, mu ɗauko allon nan mai reza a tsakiya da Turawa ke kira mandolin. Da yawanmu mun san shi a hannun masu soya filanten da dankalin turawa na sayarwa: ana gogawa, yankan yana zubowa ta ƙasa, kowanne kaurinsa ɗaya. Sunan na wani abin kiɗa ne na Italiya, mai tsirkiya kamar molo, an ce saboda hannun mai yanka yana kai da komo irin na makaɗi.

Masu bin diddigin kayan girki kan fara da littafin Bartolomeo Scappi, kukun Fafaroma Pius na 5, wanda aka buga a birnin Benis a 1570 ɗauke da zane-zanen kayan kicin na zamanin. Amma inda allon ya zama dole shi ne ƙasashen da ke jin Jamusanci, kuma sanyi ne sila. Idan ƙanƙara ta rufe gonaki, sai a yi watanni ba a ga ɗanyen ganye ba. Saboda haka da kaka kowane gida yakan yanka kabeji, a barbaɗe shi da gishiri, a danna cikin ganga ya yi tsami. Sai yankan ya yi siriri kuma bai ɗaya gishirin ke tsotso ruwan da zai rufe shi. In ruwan bai rufe ba, guzurin hunturu ya ruɓe. Wuƙa ba ta iya wannan aiki a kan tulin kabeji. Sai aka sassaƙa dogon katako, aka dasa masa wuƙaƙe a karkace, da ɗan akwati mai zamewa da ake saka kabejin a ciki.

Har sana'a ya zama. Mazan kwarin Montafon da ke Ostiriya sukan saɓa allon a baya su tafi cin rani, gida gida suna yanka ana biyansu. Irin wannan kabeji ne Kyaftin Cook ya loda a jirginsa a 1768, don kare matuƙa daga ciwon nan mai ruɓar da dasashi.

A ƙarni na 20 aka samu kala ukun da muke gani a kasuwa yau. A Japan, kamfanin Benriner ya fara da na katako a 1940, daga baya ya koma roba; bakinsa a karkace yake, ba shi da nauyi, yana fitar da yanka kamar takarda. A Faransa, Jean Bron ya ƙera na ƙarfe mai ƙafa a shekarun 1950 don manyan gidajen abinci. A Jamus kuma Börner ya yi suna da mai baki biyu da suka haɗu kamar kan mashi.

Wannan tarihi shi ne jagoran mai saye. Mai miƙaƙƙen baki ya fi dacewa da abu mai tauri, irin dankali da karas. Tumatir kuwa lugub yake yi a kansa, sai mai karkace ko mai baki biyu, domin su yanka suke a hankali, ba sara ba. A duba ko ana iya ƙara kauri da rage shi, kuma ko allon yana zama daram a kan tebur.

Abin da aka fi wasa da shi shi ne mariƙin. Akwatin mutanen da yana tsare yatsa; na yanzu ɗan murfi ne mai haƙora da mukan jefa a durowa. Rezar ba ta bambance karas da yatsa, kuma a guntun ƙarshe ake yawan yankewa. A sa mariƙin, ko safar hannu mai hana yanka, guntun kuma a ƙarasa shi da wuƙa.

Aikinmu na mako: kowa ya tambayi wata dattijuwa a gidansu yaushe magogin kuɓewa ya shigo, da me ake yi kafin zuwansa, ya rubuto mana shafi ɗaya.