Tarihin Littattafan Hira na Zariya

Tun zamanin kakanni Hausawa suna da tatsuniya, amma ta dare ce, tsofaffin mata ke yi wa yara ita bayan an ci tuwo. Malamai kuwa in sun ɗauki alƙalami sai su rubuta wa'azi, ko fiƙihu, ko tarihin sarakuna. Rubuta labarin da bai auku ba, a ganinsu, ba aikin dattijo ba ne.

Haka abin ya ke har 1933. A shekaran nan Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malaman makaranta su ƙago labaru da Hausar boko, don waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Aka sa gasa, aka buga littattafai biyar daga cikin waɗanda suka shiga. Su ne Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda Malam John Tafida ya rubuta tare da Dokta East.

A lokacin nan shekara talatin ke nan da yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu cikin 1903. Waɗanda suka ga zuwan Turawa da idonsu suna nan da ransu, wasu sun rasa sarauta, wasu sun rasa gida da dangi, kowa yana neman yadda zai sake kafa zama. Wanda ya lura da littattafan nan zai ga wannan damuwa ce a ƙarƙashin aljannu da abubuwan al'ajabi da ke cikinsu.

Ganɗoki jarumi ne na Kwantagora. Ya yi yaƙi da Turawa, bai ci nasara ba, ya bar ƙasa ya nufi gabas. Can ya shiga duniyar aljannu, ya yi ta cin yaƙin da ya gagare shi a gida. Amma Malam Bello bai bar shi can ba, sai da ya komo da shi ƙasarsu, ya tarar zamani ya sake, ya zauna cikin mutane yana ba da labari. Watau nasarar da takobi ya kasa samowa, an same ta cikin hira, sa'an nan aka komo aka fuskanci zaman yau da gobe.

Ruwan Bagaja ya fi shi sanyi da ban dariya. Alhaji Imam ya bar gida don neman wani ruwa mai warkar da cuta, saboda ɗan Sarki ba shi da lafiya, kuma an wulakanta Liman da ya ambaci ruwan. Ya yi shekara goma sha biyar yana yawo. Kowane gari ya shiga baƙo ne, ba shi da ko anini, sai ya sake suna ko sana'a ya fara daga farko. Shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka yi ta yi wa juna keta gari gari, yau wannan a sama, gobe wancan. Daga ƙarshe ya samo ruwan da taimakon aljannu, bai kuwa ɓoye shi don kansa ba, ya kawo gida aka warkar da mara lafiya. Malam Abubakar yana da shekara ashirin da biyu ya rubuta wannan, yana koyarwa a Midil ta Katsina.

Ganin gwanintarsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya cikin 1936, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labaru daga Alfu Laila, da na Indiya, da na Jamus, ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne. A nan abin al'ajabin aku ne mai hikima. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun Waziri ya shirya hallaka Musa magajinsa in ya fita daga fada. Aku ba shi da makami sai baki, kowane dare ya tsare Musa da labari har gari ya waye. Da haka ya ceci gidan sarauta, aka kuwa naɗa shi Waziri.

Cikin Janairu 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar ne editanta na Hausa. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta yi ta buga littattafai har 1959, saboda manya waɗanda suka koyi baƙi da wasali bayan sun yi furfura. Manomi ko ɗan kasuwa da ya zauna ajin yamma shi ma sabon farawa ne, kamar Alhaji Imam a baƙon gari. Akan taru a zaure, mai karatu ɗaya ya karanta, goma su saurara, littafi ya gaji aikin da tsohuwa ke yi a tsakar gida.

Daga 1966 kamfanin NNPC na Zariya ya ci gaba da buga su. Bayan haka gidan talabijin na Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan, mutanen Malali da sauran unguwannin Kaduna da ba su taɓa riƙe littafin ba suka san akun. Alhaji Abubakar Imam ya rasu cikin 1981, Allah ya jiƙansa. Littattafan kuwa ba a daina karanta su ba, domin kowane zamani akwai wanda ya bar gida, ko ya yi hasara, yana bukatar ya ji an taɓa yin haka aka kuma komo lafiya.